Sirrin Mako na Uku

Akwai wani ƙari da likitocin mata suka saba cirowa daga ma'ajiyar ƙwan mace, wanda duk mai ganinsa karon farko sai jikinsa ya yi sanyi. Idan aka tsaga shi, sai a tarar da dunƙulen gashi cuɗe da wani maiƙo mai kauri, wani lokaci da haƙora cikakku, wani lokaci har da ɓallin ƙashi. A wurare da yawa a ƙasar Hausa, da zarar an nuna wa dangi abin da aka ciro, hukunci ya riga ya yanku tun likita bai buɗe baki ba: jifa ne, asiri aka yi mata. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, domin haƙori a cikin mara abu ne da hankali ba ya ɗauka da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda zargin yakan sauka a kan kishiya ko maƙwabciya wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ƙarin nan yana da bayani, amma bayanin nasa rataye yake da wata tsohuwar tambaya da ta wahalar da masana fiye da shekara 2,000: yaya ƙwai guda ɗaya, wanda faɗinsa bai wuce kusan milimita 0.1 ba, yake zama ƙashi a nan, ido a can, hanji a wani wuri?

Wanda ya fara bin tambayar da ido, ba da kintace kawai ba, shi ne Aristotal na ƙasar Girka, a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ya riƙa fasa ƙwan kaza da ake kwanci a kai, yau ɗaya gobe ɗaya, yana duba abin da ya sauya. Wajen kwana na uku ya ga wani ɗigon jini yana bugawa a kan gwaiduwa, ya ce wannan zuciya ce. Daga nan ya yanke cewa gaɓoɓi ba tare suke zuwa ba, ɗaya bayan ɗaya suke fitowa. A nan ya dace. Inda ya kuskure shi ne zatonsa cewa jinin al'ada ne kayan ginin, maniyyi kuma shi ke ba shi siffa. Da daidai ɗin da kuskuren, haka aka yi ta gadonsu ƙarni bayan ƙarni.

William Harvey, likitan Sarki Charles na Ɗaya na Ingila, wanda ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki, ya samu damar da ba kowa ke samu ba. An ba shi izinin feɗe barewar gandun sarki bayan lokacin barbara. Ya duba mahaifarsu yana neman farkon ɗan tayi, makonni suna wucewa bai ga komai ba. Duk da haka, a littafinsa na 1651 ya tsaya a kan cewa kowace dabba daga ƙwai take fitowa, alhali shi kansa bai taɓa ganin ƙwan dabba mai shayarwa ba.

Mutum zai ɗauka zuwan madubin hangen ƙananan halittu zai raba gardama. Ƙara dagula ta ya yi. A 1677 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙwayoyin maniyyi suna iyo da jelarsu. A 1694 Nicolaas Hartsoeker ya zana hoton wani ɗan mitsitsin mutum a duƙunƙune cikin kan ƙwayar maniyyi. Bai ce ya gan shi ba, cewa ya yi abin da za a gani ke nan da madubi ya kai ƙarfin hakan. Amma hoton ya fi maganarsa tafiya. Masana suka rabu gida biyu: masu cewa ɗan mutumin yana cikin maniyyi, da masu cewa yana cikin ƙwan mace. Dukkansu sun yarda da abu guda, cewa babu wani abu da ake ginawa a cikin ciki, jariri ya riga ya kammala tun farko, girma kawai yake yi. Wasu suka ja zaren har ƙarshensa, suka ce ashe ke nan dukkan 'yan Adam, na jiya da na gobe, an jera su ɗaya cikin ɗaya tun a jikin Nana Hauwa'u.

Kada a yi saurin raina su. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne, kuma suna ganin suna da shaida. Marcello Malpighi na Italiya ya duba ƙwan da kaza ba ta kwanta a kai ba, ya ga alamun ɗan tsako sun fara fitowa, aka ce to ga shi nan, tun farko yana ciki. Sai dai ƙwan ya sha zafin watan Agusta na Italiya kafin a fasa shi, duk mai kiwon kaji kuwa ya san abin da zafi ke yi wa ƙwai mai zakara. Ban da haka, ɗaya ra'ayin yana da nasa babban rami: idan ba a riga an kammala jaririn ba, to me ke tsara shi? Babu wanda ke da amsa.

Wani matashin Bajamushe, Caspar Friedrich Wolff, shi ya fara tsaga wannan katanga a kundin digirinsa na 1759. Ya koma kan ƙwan kaza, ya ce shi dai bai ga ƙaramin hanji yana girma ba. Abin da ya gani, wanda ya yi cikakken bayaninsa a 1768 da 1769, wata shimfiɗa ce falle ɗaya, wadda gefunanta biyu suke tasowa su naɗe, kamar yadda ake naɗe tabarma, har su haɗe su zama bututu. Wannan hujja ce mai kaifi, domin abin da aka ga yana naɗewa ba za a ce dama can bututu ne ba. Babban malamin zamanin, Albrecht von Haller, ya mayar masa da martani cewa gaɓoɓin suna nan, garau suke ne shi ya sa ido ba ya kama su. Da irin wannan amsa babu abin da ba za a kare ba. Wolff bai samu gurbin da yake nema a Berlin ba, ya yi ƙaura zuwa birnin St. Petersburg na Rasha, ya rasu a can a 1794. Sai a 1812 aka fassara aikinsa na hanji daga Latin zuwa Jamusanci, mutane suka fara karanta shi da idon basira.

Shekara 5 bayan haka, a 1817, Christian Pander, ɗan wani attajiri daga Riga, ya yi aikin da ya sauya komai a jami'ar Würzburg. Da kuɗin gidansu ya ɗauki nauyin ƙyanƙyasa da na mai zane, aka fasa ƙwai kusan 2,000, ana bin su sa'a bayan sa'a. Ya gano cewa farin tabon nan da ke kan gwaiduwa yana rabuwa zuwa shimfiɗu uku, ɗaya a kan ɗaya, kuma daga cikinsu ne dukkan ɗan tsako yake fitowa. Ya kuma lura da wani abu da sai bayan shekara 100 aka gane nauyinsa: babu shimfiɗar da ke iya aikinta ita kaɗai, kowace tana bukatar taimakon 'yan uwanta. Abokinsa Karl Ernst von Baer ya ɗora daga nan. A 1827, a Königsberg, ya buɗe ma'ajiyar ƙwan wata karya, ya ga wani ɗan ɗigo fari mai ratsin ɗorawa, ya ɗora shi a ƙarƙashin madubi. Ƙwan da Harvey ya nema bai samu ba ke nan, bayan shekara 176 da fitar littafinsa. Baer ya nuna cewa tsarin shimfiɗun bai tsaya ga kaji ba, duk dabba mai ƙashin baya haka take farawa. Shi yana ƙirga huɗu ne. Robert Remak, likita Bayahude wanda addininsa ya hana shi samun cikakkiyar kujerar farfesa a Berlin, shi ya tabbatar tsakanin 1850 da 1855 cewa uku ne, kuma an gina su da ƙwayoyin halitta waɗanda kowace daga rabuwar wata ta fito.

To, ga yadda abin yake a jikin mutum. Maniyyi yana haɗuwa da ƙwai a cikin bututun da ke kaiwa mahaifa. Bayan kamar sa'a 30 ƙwaya ɗaya ta zama 2, sannan 4, sannan 8. A kwana na 5 ta zama wani ɗan ƙwallo mai rami, da tarin ƙwayoyi a manne a gefe guda daga ciki. Na waje za su shiga aikin mabiyiya, na ciki daga cikinsu jariri zai fito. Wajen kwana na 6 ko 7 ƙwallon ya kama bangon mahaifa ya fara nutsewa. A mako na biyu tarin cikin ya baje ya zama ɗan faifai mai falle biyu. Har zuwa nan babu kai babu ƙafa, babu dama babu hagu.

Wajen kwana na 15 sai wani ɗan layi ya bayyana a falle na sama, daga gefe guda yana nufar tsakiya. Da bayyanarsa jiki ya samu alƙibla: inda ya faro nan ne ƙasan jiki, inda ya dosa nan ne kai, gefunansa biyu su ne dama da hagu. Ƙwayoyin falle na sama sai su fara kwarara zuwa layin, su saki maƙwabtansu, su sauya siffa, su nutse ciki. Rukunin farko da suka shiga su ture falle na ƙasa gefe, su maye gurbinsa, su zama shimfiɗar ciki, wadda masana ke kira endodam. Na bayansu su bazu a tsakani, su zama shimfiɗar tsakiya, mesodam. Waɗanda suka rage a sama ba su nutse ba su ne shimfiɗar waje, ektodam. Ashe duk ukun daga falle ɗaya suka fito. Ta ciki ita ke ba da rufin cikin hanji da na huhu da na mafitsara, da kuma hanta. Ta tsakiya ita ke da tsoka da jini da zuciya da ƙoda da mafi yawan ƙasusuwa. Ta waje kuwa ita ce ta fi ba ni mamaki, domin daga gare ta ake samun fatar sama da gashi da farce, kuma daga gare ta dai ake samun ƙwaƙwalwa da laka. Fatar da ake shafa wa mai da ƙwaƙwalwar da ake tunani da ita uwarsu ɗaya. Duk wannan yana faruwa ne a cikin abin da tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba.

Sanin shimfiɗun ya rufe bakin masu cewa akwai ɗan mutum a cikin maniyyi, amma bai cike ramin da suka nuna ba. Ƙwayoyi biyu maƙwabta a shimfiɗar waje, iri ɗaya, gado ɗaya, me ya sa wannan ta zama fata waccan ta zama ƙwaƙwalwa? A 1888 Wilhelm Roux ya ɗauki ƙwan kwaɗo da ya rabu biyu, ya kashe ƙwaya ɗaya da allura mai zafi, ya samu rabin ɗan tayi. Ya ce kowace ƙwaya da rabonta a rubuce tun farko. Bayan 'yan shekaru Hans Driesch, a cibiyar nazarin halittun ruwa ta Naples, ya raba ƙwayoyin bushiyar teku gaba ɗaya, kowace ta ba shi cikakkiyar halitta, ƙarama dai amma ba abin da ta rasa. Daga baya aka gane cewa gawar ƙwayar da Roux ya bari a manne ce ta sa mai ran ta ci gaba da aiki kamar 'yar uwarta tana nan. Wato ƙwaya tana sauraron abin da ke kewaye da ita.

Wadda ta kama mai ba da umarnin da hannunta wata ɗaliba ce, Hilde Mangold, a ɗakin binciken Hans Spemann da ke Freiburg, a 1921 da 1922. Ta yi aiki da ƙwan wata halittar ruwa dangin kwaɗo mai jela, iri biyu, ɗaya fari ɗaya mai duhu, domin a iya bambance ƙwayoyin kowanne. Da allurar gilashi da madaukin gashi take yanko ɗan tsoka daga bakin ramin da ƙwayoyi ke nutsewa a jikin farin, ta dasa shi a gefen cikin mai duhun. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka mafi yawan 'ya'yan tayin ruɓewa suke yi. Sau 259 ta yi dashen, waɗanda suka rayu har aka iya nazarinsu kaɗan ne daga ciki. Amma abin da suka nuna ya isa: a gefen cikin sai ga jiki na biyu ya fito, da lakarsa da jerin tsokar bayansa. Da aka yanka aka duba launi, sai aka ga mafi yawan sabon jikin ba daga farin tsokar da aka dasa ya fito ba, daga ƙwayoyin mai masaukin ne, waɗanda da an bar su fatar ciki za su zama. Ɗan yankin nan ya sauya musu makoma. Suka raɗa masa suna mai tsarawa.

An buga sakamakon a 1924, sunan Spemann a gaba, duk da cewa aikin digirin Mangold ne. A watan Satumba na wannan shekarar murhun mai ya kama da wuta a ɗakin girki, ta ƙone, ta rasu tana da shekara 25, ta bar jariri. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935, kyautar kuwa ba a ba mamaci. Tunanin gwajin nasa ne, babu musu, amma hannun da ya yi aikin nata ne, kuma ina ganin adalci ne da masana a yau suke haɗa sunayensu biyu idan za su ambaci mai tsarawa.

Daga nan aka shiga farautar sinadarin da yake fitarwa, farautar da ta kusa kashe wa masu ita gwiwa. A shekarun 1930 aka ga cewa ko an dafa yankin ya mutu yana iya sa a yi laka. Guntun hanta ko ƙoda na wata dabba dabam ma yana yi. Har wani shuɗin rini na ɗakin bincike ya yi. Idan kowane tarkace yana ba da umarnin, to ina umarnin yake? Da yawa suka watsar da batun. Sai a 1992 Richard Harland da William Smith a Berkeley suka gano furotin da suka kira nogin, a 1994 kuma ɗakin binciken Edward De Robertis a Los Angeles ya gano kodin. Da aka bi aikinsu sai aka ga an shafe shekara 70 ana tambayar a juye. Waɗannan sinadarai ba sa ce wa ƙwaya ta zama ƙwaƙwalwa. Akwai wani furotin, BMP4, da ke yawo cikin shimfiɗar waje yana tura ƙwayoyi su zama fata. Nogin da kodin kama shi suke yi su ɗaure. Inda aka ɗaure shi, ƙwayoyin sai su bi hanyar da dama suke karkata gare ta, su zama ƙwaƙwalwa da laka. Wannan ya taimaka wajen fahimtar ruɗanin shekarun 1930: ikon yana jikin ƙwayoyin da ake wa magana, abin da suke jira kawai a ɗauke musu takunkumi. A 2018 ɗakin binciken Ali Brivanlou a New York ya raino irin wannan mai tsarawa daga ƙwayoyin asali na ɗan Adam, ya dasa a jikin ɗan tayin kaza, ƙwayoyin kazar suka amsa, suka fara gina laka ta biyu.

Yanzu haƙorin nan na cikin mara ya daina zama abin al'ajabi. Ƙwan mace yana ɗauke da ikon samar da dukkan shimfiɗu ukun. Wani lokaci ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke ma'ajiyar sai ta fara rabuwa ba tare da maniyyi ya taɓa ta ba. Tana iya yin fata, fatar ta tsiro da gashi ta fitar da maiƙo, tana iya yin haƙori da ƙashi, amma babu layi babu alƙibla, sai kayan su taru barkatai a cikin jaka. Likitoci suna kiransa teratoma. Mafi yawansa ba sankara ba ne, tiyata ke raba mace da shi, kuma yana fitowa ga mata a Tokyo da Landan kamar yadda yake fitowa a Katsina da Maraɗi. Babu hannun kowa a ciki. Haka nan tagwayen da ake haifa a manne: bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ɗan tayi ɗaya ne ya yi jinkirin rabuwa har bayan kwana na 13, rabuwar ba ta kammala ba.

Mafi yawan abin da aka sani daga kaji da kwaɗi da ɓeraye aka samo shi, domin ganin mako na uku a jikin mutum abu ne mai wuyar gaske. Tsakanin 1938 da 1954 Arthur Hertig da John Rock a Boston sun tattara 'ya'yan tayi 34 masu kwana 17 zuwa ƙasa daga mahaifun da aka cire a tiyata, kuma hotunan da ke littattafan likitanci da yawa daga nan suka samo asali. Bayan haihuwar jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji a 1978, kwamitin Mary Warnock a Birtaniya ya ba da shawara a 1984 cewa kada a raini ɗan tayin mutum a waje fiye da kwana 14, dokar 1990 ta tabbatar da hakan. Layin nan na kwana na 15 aka duba wajen sa iyakar, domin daga bayyanarsa ɗan tayi ba ya ƙara zama tagwaye rababbu. Ina ganin taka-tsantsan a nan wajibi ne, don ba kaza ake magana ba. A 2021 masu bincike ƙarƙashin Shankar Srinivas na Oxford suka samu ɗan tayi guda mai kwana 16 zuwa 19 da aka ba da don bincike, suka karanta ƙwayoyinsa 1,195 ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar da tsarin ya yi kama ƙwarai da na ɓera, har ƙwayoyin jini na farko sun fara bayyana.

Abin da ya fi shafar gidajenmu kuwa lissafin kwanaki ne. Mako na uku daga shigar ciki shi ne daidai lokacin da mace take fara cewa ko ta yi ɓatan wata. Wajen kwana na 22 zuciya ta fara bugawa. Shimfiɗar waje ta bayan ɗan tayi tana naɗewa ta zama bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka, kuma zuwa kwana na 28 ya kamata ya gama rufewa. Idan ƙarshensa na ƙasa bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa ƙafafu ba sa aiki, fitsari da bayan gida ba sa riƙuwa. Idan na sama ne, ƙwaƙwalwar ba ta ginuwa, jaririn ba ya rayuwa. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 1991 ƙarƙashin Nicholas Wald ya nuna cewa folik asid ya rage maimaituwar wannan matsala da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa samun irin cikin.

Folik asid shi ne ɗan ƙaramin ƙwayar maganin nan da ake bayarwa wajen awo. Matsalar ita ce matanmu da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya kai wata 4 ko 5, wasu don kunya, wasu don nisa, wasu don maigida bai ba da izini ba. A lokacin bututun ya daɗe da rufewa, ko ya daɗe da kasa rufewa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun tana sa ran ɗaukar ciki har cikin ya kai mako 12. Wake da gyaɗa da alayyahu suna taimakawa, amma ba sa maye gurbinsa. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lalura, ko take da ciwon sukari, ko take shan maganin farfaɗiya, ta ga likita tun kafin cikin ya shiga, domin nata adadin da kulawar dabam ne. Ku iyaye masu shirya 'ya'ya zuwa ɗakin miji, da ku magidanta, maganin nan ba shi da tsada kuma ana samunsa a kusan kowane kemis. A fara shi tun daga amarci, kada a jira ɓatan wata.